Kakana da masu majigi

Shekarun baya, wata Laraba da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, muna tsakiyar darasin lissafi, aka aiko wai in je ofishin shugabar makaranta. Daga wannan sa'ar al'amura suka fara rikice min, duk da cewa a ranar kusan kowa ya taya ni murna.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina ajin ƙarshe a wata makarantar kwana ta 'yan mata kusa da Malumfashi. Ku da kuka saba da surutuna a wannan shafi ba lalle ku yarda ba, amma a da ni ce yarinyar da in malama ta yi tambaya, ko na san amsar, sai in rubuta in tura wa ta kusa da ni ta faɗa. In an yi baƙi a gidanmu, a bayan ɗakin girki ake samo ni da littafi. Rubutuna kuwa ko ɗigo ba na bari ya karkace. Mutum ɗaya ne a duniya bakina yake buɗewa a gabansa, shi ne kakana, mahaifin mahaifiyata.

Kaka Bamaguje ne, manomi, a wani ƙauye da ke gefen Kafur. Mahaifiyata ta musulunta tun tana budurwa, ta auri mahaifina, tela a Funtuwa, amma duk hutu can ƙauyen ake tura ni. Kun san irin wasan da ke tsakanin kaka da jika. Shi ba ya kiran sunana, sai Amarya. Ina shiga gidan zai ce, "Ga ta nan, amaryar asara. Ba daka, ba surfe, sai kallon takarda kamar da nama a ciki."

Ni da ko gaisuwa ba na iya ɗaga murya, sai in ji kaina ina cewa, "To wa zai wahalar da kansa ya yi wa ango mai haƙori uku girki? Kunu ya ishe ka."

Sai ya yi dariya har ya dafa rumbu. Babu wanda zai ce na yi rashin kunya, don kowa a gidan ya san haƙƙina ne in tsokane shi, shi ma haƙƙinsa ne ya rama.

A waɗannan shekarun ana ta matsa wa manoma su shuka auduga da wuri, a layi, su sa takin zamani. Akwai wani malamin gona, saurayi, da yake zuwa ƙauyen a keke da igiyarsa ta jan layi. Shi da Kaka kullum sai sun yi muhawara, ni kuma ina gefe kamar ba na ji, alhali ko kalma ba ta wuce ni. Malamin zai ce, "Baba, a shuka auduga da ruwan farko." Kaka ya ce, "Yaro, in hatsi ya ƙare da tsakiyar damina, kai za ka zo ka tuƙa mana tuwon auduga?" Malamin ya ce, "To ko dawar ce a ja mata igiya ta tsaya a layi." Kaka ya ce, "Dawa ce ko 'yan doka?" Haka za su yi ta yi har rana ta take, sannan su zauna su ci tuwo a akushi ɗaya. Ranar da malamin zai bar ƙasarmu, Kaka ya ce ya bar masa igiyar, wai zai ɗaure akuya. Kowa ya san ba akuya zai ɗaure ba.

Da malamarmu ta Hausa ta ce kowane aji ya shirya wasan kwaikwayo don ranar ba da kyaututtuka, na san ko za a yanka ni ba zan iya tsayawa gaban jama'a ba. Sai na zauna na rubuta muhawarar nan tsaf kamar yadda na ji ta, na miƙa wa malama ba tare da na kalli fuskarta ba. Ƙawata, wadda muryarta take kai wa ƙarshen filin wasa ba ta wahala ba, ita ta fito a tsohon. Muka manna mata gemun auduga da ƙaro. Ni kuma ina bayan labule, in wata ta manta maganarta in raɗa mata.

Wasan ya karɓu fiye da yadda muka zata. Aka ce mu sake yi a Malumfashi ranar nunin amfanin gona, daga nan aka ɗebe mu a babbar mota zuwa Funtuwa. A na Malumfashi Kaka da kansa ya zo, a ƙasa ya tako. Ƙawata na fitowa tana ɗingishi da sanda sai muka ji murya daga cikin taro, "Ƙarya ne! Gemuna bai kai wannan ba!" Fili ya ɗauki dariya. Ya juya yana gaya wa na kusa da shi, "Amaryata ce ta tsara wannan sharrin." Bai tsaya nan ba, ya miƙe ya kwaikwayi tafiyata, kai a ƙasa, hannu riƙe da littafin da babu, har ya yi kamar ya yi karo da turmi. Rabin dariyar ranar ni aka yi wa. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

To wannan shi ne wasan da ya sa aka kira ni ofis.

Na tarar da shugabar makaranta da wani baƙo, siririn mutum mai tabarau, mai yawan fara'a. Aka ce daga Kaduna yake, yana aiki da masu majigi, kuma ya ga wasanmu a Funtuwa. Ga yaran yanzu da ba su san majigi ba: mota ce take zuwa gari bayan magariba, a kafa farin ƙyalle a fili, a haska hotuna masu motsi, wani yana bayani ta lasifika. Duk garin fitowa ake yi.

Ya ce, "'Yan mata, ke ce marubuciyar? Na yi zaton zan ga babbar mace." Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya ce yana son a mayar da wasan majigi, a zaga da shi ƙasar Katsina da Zazzau har Sakkwato. Shugabar makaranta tana ta murmushi, ta ce babu makarantar 'yan matan da aka taɓa yi wa haka.

Sai ya fara bayanin yadda aikin yake. Ya ce akwatin da suke fita da shi ƙauye hoto kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar murya. Mai ɗaukar muryar yana wurin masu bin manya rangadi, ba a ba da shi don wasan yara. Saboda haka mai lasifika ne zai riƙa faɗar abin da ke faruwa. Ya ce kuma a allo fuska kusa-kusa take fitowa, gemun auduga ba zai yi ba, sai tsoho na gaske a gona ta gaske. "Na ji an ce tsohon yana nan da ransa, kakanki ne. Ai an gama, shi za mu ɗauka."

Ya ci gaba, ya ce manyansa ba sa sa hannu sai majigi yana da darasi a fili. Dole a ga manomi biyu, mai jin shawara da marar ji. Mai ji ya kai audugarsa fuloti, wato kasuwar auduga, ya dawo da sabon keke, marar ji kuma tsutsa ta cinye tasa. "Ƙarshen nan naku na cin tuwo tare yana da daɗi a dandali, amma a allo mutanen ƙauye za su ce to wa ya yi gaskiya?"

Na tattara duk ƙarfina na ce, can ƙasa-ƙasa, "To maganganun tsohon fa?"

Ya matso da kunnensa. "Me ta ce?"

Shugabar makaranta ta ce, "Ta ce ta gode."

Ni kuma ban gyara ba. Ya ce in rubuta masa labarin sabo, abin da ido zai gani kawai, kuma in hutu ya zo zai biyo ƙauyen ya ga gonar da tsohon. Da bakina na kwatanta masa hanya.

Kafin la'asar labari ya gama makaranta. 'Yan ƙananan aji suna leƙowa ta taga su ga wadda za a sa wasanta a majigi. Ba zan yi muku ƙarya ba, kaina ya ɗan kumbura. Ƙawata ce kawai ta zo min a fusace.

"Ni da na sha ƙaiƙayin gemun nan har haɓata ta yi ƙuraje, yanzu a ce ban isa ba?"

Na ce, "Wai a allo za a gane ke mace ce."

"To a Malumfashi namiji aka ɗauke ni? Wa bai san ni ce ba? Ai dariyar ke nan, sakarya!"

Na ba ta haƙuri, na ɗauki fensir na fara aikin da aka sa ni. Na bi wasan layi-layi ina cire duk abin da kunne yake ji, ina barin abin da ido yake gani. Da na gama na karanta abin da ya rage. Malamin gona ya nuna igiya, tsoho ya girgiza kai. Malamin gona ya nuna buhun taki, tsoho ya juya baya. Malamin gona ya nuna sama, tsoho ya sake girgiza kai. Shi ke nan. Ashe duk hikimar Kaka a bakinsa take. Da aka cire bakin, sai wani tsoho mai taurin kai ya rage, wanda ban taɓa sani ba. Na sake rubutawa, na sake, da rubutuna mai kyau, amma kowane karo wawan nan ne yake fitowa.

Da aka ba da hutun ƙarshen shekara na fara sauka Funtuwa. Ni ce 'yar fari, don haka mahaifiyata ba ta kiran sunana, kuma ba ta cika sakin fuska da ni ba. Tana tankaɗe na ba ta labari, ina jiran ta ce madalla. Sai ta ajiye rariyar.

"Ke, kin san sunan da matan unguwar nan suke kirana da shi in na juya baya?"

Na ce, "A'a, Inna." Na sani sarai.

"'Yar arna. Shekara nawa ina salla a gidan nan, har yau in gishiri ya yi yawa a miyar biki sai a ce ai hannun mutanen daji ne. Yanzu kuma ubana za a liƙa a ƙyalle a tsakiyar Funtuwa?"

Na ce ai a Malumfashi ma an yi masa dariya, kuma ya ji daɗi.

Ta ce, "A Malumfashi jikarsa ce take tsokanarsa, kowa ya sani. A Gusau wa ya san shi da jika?" Ta ɗauki rariyarta. "Ni ba zan hana ki ba, ba zan kuma kai miki maganar ba. Ki je ki faɗa masa da bakinki, tun da a wurinsa ne kike da baki."

A cikin makon sai ga majigi ya zo filin da ke bayan kasuwa. Na bi mahaifina muka je bayan magariba. Na tsabtar rijiya aka nuna, amma tsarin ɗaya ne, mai ji da marar ji. Wannan karon ban kalli ƙyallen ba, mutane na riƙa kallo. Duk sanda marar jin ya fito, mai lasifika sai ya ja murya ya ce, "Ga gogan naku nan!" Fili ya kaure da dariya. Wani a bayana ya ce, "Wannan ko ba a faɗa ba Bamaguje ne." Yara suna jifan ƙyallen da ɓawon gyaɗa. Mutumin da ke jikin ƙyallen yana ta motsa baki, amma ba a jin komai. Na san dariya iri-iri ce, amma sai ranar na ji bambancin a jikina.

Na isa ƙauye ana tsakiyar cirar auduga. Kaka yana ganina ya ce, "Amarya ta dawo, a ɓoye takardun gidan nan kada ta cinye." Na mayar masa, amma ba da ƙarfi ba. Kullum in na yi niyyar faɗa masa sai in ce bari ya ci abinci tukuna, in ya ci in ce bari ya huta. Da na ga ranar zuwan baƙon ta matso, sai na faɗi rabin da ya fi sauƙi.

"Kaka, masu majigi suna son su ɗauke ka."

Ya ajiye garmar da yake gyarawa. "Ni?" Ya shafa gemu. "Sai yanzu gwamnati ta gane inda kyawawa suke. Ki yi hankali, Amarya, matan birni za su ƙwace miki miji."

Ya zaga gidajen 'yan uwansa yana shelar za a sa shi a majigi. Ya sa aka ciro babbar rigarsa ta saƙi daga cikin adudu, aka shanya ta sha iska. Ya sa aka share gindin rumbunan nan nasa da yake alfahari da su. Ina kallo, sauran maganar kuwa ban faɗa masa ba.

Ranar da baƙon ya zo, motarsa ta kasa ƙarasowa saboda rafi, ya tako da akwatinsa a kafaɗa. Kaka ya tarbe shi cikin rigar saƙin, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Mutumin kirki ne, wannan ba zan fasa faɗa ba. Ya zaga gonar yana mamaki, ya ce bai taɓa ganin kunyoyi masu kyau irin waɗannan ba. Ya bar Kaka ya leƙa ta idon akwatin, Kaka ya hango ni a ciki ya ce, "Kai, wannan abu maƙaryaci ne, har ya mai da ita kyakkyawa."

Da suka zauna, Kaka ya ce, "To ɗan samari, me zan ce a ciki? Ina da maganganu, ka shirya."

Baƙon ya kalle ni, ya gane ban faɗa ba. Bai tona ni ba. Ya cire tabaransa ya ce, "Baba, ba zan ɓoye maka komai ba." Ya faɗa masa duka. Ba za a ji muryarsa ba, wani ne zai yi magana a madadinsa. Ba da rigar nan za a ɗauke shi ba, sai da warki, don an fi gane manomin ƙauye a haka. Za a nuna shi zaune a inuwa da ƙwarya a hannu, maƙwabcinsa yana shuka. A ƙarshe kuma za a nuna shi ya yi tagumi a gonar da tsutsa ta cinye.

Wannan fa mutum ne da ban taɓa ganin rana ta fito ta same shi a gida ba.

Kaka ya ce, "Gonar wa tsutsa za ta ci?"

"Za mu nemi wata lalatacciya mu ɗauka, Baba. Ba kai ake nufi ba, wasa ne kawai, don mutane su ƙaru."

"Wasa da wa?"

"Da jama'a duka." Baƙon ya ga fuskar Kaka, sai ya nemi abin da zai faranta masa. "Kuma abin nan ba ya tsufa, Baba. In an adana shi, jikokin jikokinka za su gan ka."

Kaka ya kalli akwatin. Can ya ce baƙo ya sha hanya, bai kamata a sallame shi da amsar gaggawa ba. Ya sa aka kama masa zabi biyu, ya raka shi har rafi, ya ce zai aiko da amsa ta bakin yarinyar nan in ta koma makaranta. Yarinyar nan ya ce.

Daga ranar bai yi min faɗa ba, bai canza min fuska ba, abincina ma shi yake tambaya ko na ci. Amma ya daina tsokanata. Da safe ya kira ni da sunana na yanka, ya ce in miƙo masa hula. Ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, sai na ji kamar baƙo ne ya kira ni. Na gwada cewa hular ta fi kan da ke cikinta daraja, ya ce, "Haka ne," ya fita. Na shiga bayan rumbu na yi kuka. Rigar saƙin aka naɗe aka mayar adudu, 'yan uwansa kuma in sun tambaya yaushe za a zo ɗaukarsa sai ya ce ana shawara.

Sauran hutun a gona na yi shi. Na bi mata cirar auduga, ni da ban iya ba, ƙaya ta farfasa min yatsu. Ina ganin ya lura, amma bai tsokane ni ba. Ni kuma ban tambaye shi amsar ba, don ina tsoron ya ce ya yarda saboda ni. Na san zai iya. Ya ji yadda ake murna da ni a makaranta, kuma babu abin da na taɓa nema a wurinsa ya hana ni.

Ranar komawata ya ɗauki akwatina a ka, ya ce shi zai raka ni bakin titi. Muna tafe yana gaba ina baya. Da muka kai rafi na cire takalmi na sa ƙafa, santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas a cikin ruwa da kayan makaranta. Ya juyo ya kalle ni, ya yi ƙoƙarin daurewa, ya kasa.

"Amaryar asara! Ko tafiya sai an rubuta miki a takarda?"

Ina zaune a ruwa ina dariya ina hawaye. A bakin titi, kafin motar Malumfashi ta iso, ya ba ni amsarsa.

Ni na kai ta ofis, kuma wannan karon da muryar da ake ji na faɗa. Shugabar makaranta ba ta ji daɗi ba, ta daɗe tana amsa gaisuwata a taƙaice. Baƙon ya sake biyowa, ya ce tun a rafi ya san amsar. Ya ce ya roƙi a ba shi na'urar murya a yi wasan yadda yake, ba a ba shi ba. Ya ce min in ci gaba da rubutu, lokaci yana zuwa da za a riƙa ɗaukar magana da hoto tare ko a ƙauye. Na ji daga baya sun yi nasu da wani ɗan wasa, ban taɓa gani ba. Wasanmu kuwa ƙannenmu sun ci gaba da yinsa a makaranta wasu shekaru, har aka manta da shi.

Lokacin da baƙon ya faɗa ya zo. Yanzu jikokina suna turo min finafinan da aka ɗauko daga wasannin dandali, wasu sun yi kyau ƙwarai, kuma ina murna da su. Ba na cikin masu cewa wasa ya tsaya a dandali. Amma duk sanda na ji an ce za a mayar da wani wasan da ya karɓu fim, sai in tambayi kaina me ya sa mutanen farko suka yi dariya. A dandali masu kallo sun san masu wasan, sun san wa yake da ikon tsokanar wa. Wannan sanin ba ya shiga akwati, ko da mai ɗaukar murya ne. Wanda zai ɗauki wasan sai ya nemo hanyar da baƙi za su so mutumin kafin su yi masa dariya.

Abin da yake ci min rai har yau shi ne ba mu da hoton Kaka ko ɗaya. Ya rasu kafin in yi aure. 'Ya'yana sun taso suna tambayata kamanninsa, yanzu kuma jikokina ke tambaya, wani lokacin har in ce a raina da ma an ɗauka, ko da a haka ne, in sake ganin yadda yake tafiya. In tunanin ya zo, sai in tuna abin da ya ce min a bakin titin nan, yana riƙe da akwatina, ni kuma zanena yana ɗigar da ruwa.

"Ki ce musu na gode, amma a'a. Ni zan mutu, wancan na jikin ƙyalle ba zai mutu ba. 'Ya'yanki in sun zo ba ni za su tarar ba, shi za su tarar, yana zaune a inuwa mutane suna noma. Gara su rasa fuskata su zo su tambaye ki. Ke kya faɗa musu daidai."